Malam Wannan-Makon

Duk wanda ya zauna a Bakin Kanal, ƙauyen nan da ke tsakanin Kura da Bunkure, a shekarun tamanin, ya san Malam Dalhatu, ko da bai san sunansa na yanka ba. Malam Wannan-Makon ake ce masa, da fari a bayan idonsa, daga baya har a gabansa, shi kuwa ya yi kunnen uwar shegu.

Malamin wasanni ne a wata 'yar kwalejin horon malamai da gwamnati ta dasa a tsakiyar gonakin tumatir, sannan ta manta da ita. 'Yan ajujuwa ne kaɗan, da ɗakunan kwanan ɗalibai, da sauro wanda ya isa a raba wa jiha guda. An turo shi nan ne bayan rasuwar matarsa Indo. 'Yarsu tilo ya bar ta a hannun mahaifiyarsa a Gwarzo, ya taho da akwati da risho da ƙwallon kwando guda ɗaya wadda yake riƙe da ita tun yana ɗalibi a Zariya. Dogo ne siriri, mai zuba kamar kanya in an taɓo wasa, mai shiru kamar an ɗinke masa baki in an taɓo wani abu daban. Sauran malamai 'yan birni ne, ana tashi daga aiki suke bin mota su koma Kano. Shi kaɗai yake kwana a gidajen malamai, daga shi sai ƙadangaru.

Wanda ya fara yi masa magana kamar mutum a garin shi ne Sammani. Manomin tumatir ne, yana da ɗan kanti a bakin hanya inda yake sayar da sukari da kananzir da ashana, kuma shi ne mai akwatin talabijin ɗaya tilo a Bakin Kanal, baƙi-da-fari, mai aiki da batirin mota. Wata rana ya iske Malam Dalhatu yana ta jifan wata bishiyar darbejiya da ƙwallo shi kaɗai, ya tsaya da kekensa yana kallon ikon Allah.

"Malam, lafiya kuwa? Me bishiyar nan ta yi maka?"

Malam ya yi masa bayanin wasan tun daga tushe, har da abin da ba a tambaye shi ba. Sammani ya saurara, ya gyaɗa kai, kashegari sai ga shi da kwandon tumatir ya yanke masa gindi, suka ɗaure a reshe. Daga nan aka fara.

Akwai wani daɓen siminti a bayan kwalejin, inda masu aikin kanal suka riƙa kwaɓa kankare kafin su tafi. Sammani ne ya ce a nan za a yi filin. Shi ya samo tsofaffin bututun ƙarfe na injin ban-ruwa, ya loda su a amalankensa ya kai wa mai walda a Kura. Shi ya tsaya a kan maƙeri har ya lanƙwasa zobba biyu daidai yadda Malam ya gwada masa da igiya. Ramukan ma da hannunsa ya haƙa, yana tsiya yana cewa bai taɓa shuka abin da ya san ba zai yi 'ya'ya ba sai yau. Bai iya wasan ba, bai kuma taɓa gane dalilin da ya sa ake busa usur ba, amma in ɗalibai suna atisaye yakan jingine kekensa ya yi ta ihu a inda bai kamata ba.

Kullum in an tashi daga fili, Malam yakan zarce kantin Sammani su zauna a benci ɗaya, su ci rogo da ƙuli, Malam yana ta hasashe. Ciwonsa ke nan. Zai gaya maka ranar da za a fara ruwa, da yadda kasuwar tumatir za ta kaya a Legas, da wanda zai ci dambe a Kura, kuma da ikon Allah ko ɗaya ba ya faɗawa daidai. Sammani yakan ce wa mutane, "In kun ji Malam ya ce za a yi ruwa, ku fito da kauɗarku ku shanya." Malam ya yi dariya har da ƙwalla. A duk faɗin ƙasar Kura wannan bencin ne kaɗai inda yake jin shi ba baƙo ba ne.

Sai siyasa ta shigo. Jam'iyyar da kusan duk garin ke bi ta tsage gida biyu, mutanen da suke shan ruwan kanal ɗaya suka daina gaisawa. Mai shayi ya zama biyu, wanzami ya zama biyu, har mahauci sai ka san ɓangarensa kafin ka ci tsirensa. Kowane ɓangare da irin hularsa, tun daga nesa ka san wanda zai amsa maka sallama. Sammani ya yi zurfi a ɓangare ɗaya, musamman tun da aka fasa wa ƙanensa kai a wurin taro. A ɗaya ɓangaren kuwa babban jigo shi ne Alhaji Isiyaku, dillalin tumatir mai manyan motoci, wanda yake neman kujerar majalisar jiha. Malam Dalhatu ba shi da jam'iyya. In an matsa masa sai ya ce shi ɗan ƙwallon kwando ne, a yi dariya a ƙyale shi.

A ranin 1983, tumatir na tsakiyar fure, aka sa wasa tsakanin kwalejinsa da wata babbar kwaleji daga birni. Aka kuma ce gidan talabijin zai turo masu ɗaukar hoto, don suna wani shiri a kan wasanni a karkara. Malam ya zaga gari yana cewa yaransa za su ci, kowa ya tausaya wa yaran.

Abin haushi, ranar ta faɗo daidai da ranar ruwan Sammani. A wannan yanki bi da bi ake sakin ruwa, in naka ya zo ka yi wasa da shi sai zagaye na gaba, kafin nan furen ya kakkaɓe.

"Ka ga ikon Allah ko?" in ji Sammani. "Amma in na samu na kafa bututu zan leƙo, ko ƙarshen ne in gani."

Aka yi wasa. 'Yan birni sun zo da takalma farare da riguna masu lamba, 'yan Bakin Kanal kuwa rabinsu da takalmin aro. Amma Malam yana da Jaji, wani dogon Bafulatani ɗan ajin ƙarshe daga rugar bayan Bunkure, wanda hannunsa ke kai wa inda na mutane ba ya kaiwa. Aka yi ta kai ruwa rana, wannan ya wuce wancan ya kamo. Alƙali na shirin busa tashi Jaji ya saki ƙwallo tun daga tsakiyar fili, ta daki zoben maƙeri, ta yi rawa a kai kamar tana shawara, sannan ta faɗa ciki. Garin ya kaure da ihu. Masu hular nan da masu hular can suka rungumi juna kafin su tuna. Karon farko ke nan a rayuwar Malam Dalhatu da ya faɗi abu ya tabbata.

Ana cikin wannan hayaniya motar Alhaji Isiyaku ta tsaya. Bai san ana wasa da hannu ne ko da ƙafa ba, labarin na'urar ɗaukar hoto ya ji. Ya ratso mutane babbar riga na jan ƙasa, ya kama hannun Malam ya ɗaga sama, ya karɓi sabuwar hula daga hannun direbansa, irin ta ɓangarensu, ya ɗora masa a ka da kansa. Kowa ya san in babba ya sa maka hula a bainar jama'a ba ka cirewa a gabansa, sai godiya. Malam ya rusuna ya ce, "Na gode, ranka ya daɗe." Nan take aka miƙo masa abin magana, ciwonsa kuwa ya tashi. Ya ce Jaji zai sa rigar Nijeriya. Ya ce baɗi war haka an yi wa filin nan rufi. Ya ce yaransa za su je Legas su dawo da kofi.

Mai ɗaukar hoton, wani saurayi da ake kira Musbahu, yana naɗe wayoyinsa ya ce masa, "Ranar Alhamis ake sa shirin wasanni, da la'asar sakaliya. Ko wannan makon ko na sama za ku ga kanku."

Da yamma Malam ya nufi kanti, hular na ninke a aljihu, bakinsa cike da labari. Ya tarar da Sammani a ciki yana auna kananzir, bai fito benci ba.

"An ce ka yi sabuwar hula," in ji Sammani, bai ɗago ba.

"Ɗora min aka yi. Wallahi raina a ɓace na karɓa, kowa ya ga fuskata. Yana juya baya na cire. Kai ba ka nan, shi ya sa za a kawo maka magana."

Sammani ya ajiye kwalbar ya dube shi, ya daɗe yana dubansa.

"Haka aka yi?"

"Haka aka yi. Kada ka yarda da maganata ma. Ka jira ranar Alhamis ka gani da idonka a akwatinka."

"To. Allah ya kai mu."

A yi wa Malam adalci, ba ƙarya ya shirya ba. Tun a hanya yake ta juya abin a ransa, kafin ya iso kanti ya riga ya zauna masa haka, har yana iya ganin ɓacin ran a fuskar tasa.

Alhamis ta zo, kusan rabin gari ya taru a gaban kantin. Ɗalibai sun yi wanka, Jaji ya zo da baffanninsa daga ruga. Aka nuna kokawa daga wani gari, aka nuna wasan tseren keke, shiri ya ƙare. Malam ya miƙe ya kakkaɓe riga ya ce ai dama an ce ko na sama. Na sama ya zo, aka cinye lokacin da jawabin 'yan takara. Duk wanda ya tare shi a hanya ya ce, "Malam, yaushe ne?" sai ya ce, "Wannan makon, in Allah ya yarda." Sunan ya samo asali daga nan.

Sammani bai yi faɗa da shi ba, da ma faɗan ya yi da ya fi sauƙi. Yana gaishe shi cikakkiyar gaisuwa, ya tambayi aiki ya tambayi mutanen Gwarzo, amma da "Malam Dalhatu" yake kiransa, suna cikakke kamar a ofis. Ya daina fitowa benci, ya koma zama a kan buhun sukari a cikin kanti. Rogo da ƙuli suka ɗauke. Malam ya ga haka, zuciya ta ɗebe shi, shi ma ya daina zuwa sai ranar Alhamis. A ransa yana cewa ba zai roƙi kowa ya yarda da shi ba, hoto zai yi magana, ranar kuwa sai Sammani ya ji kunya.

Aka yi zaɓe da damina. Malam ya ce Alhaji Isiyaku zai ci, don yana hango rufin filinsa. Alhaji Isiyaku ya sha ƙasa. Ɓangaren su Sammani suka yi ta kiɗa, suna wucewa ta gaban kwaleji suna tambayar ina mai sabuwar hula. Mutanen Alhaji kuwa ko sanin Malam yana raye ba su yi ba. Ya tashi ba ya nan ba ya can, mutumin da ko katin jam'iyya bai taɓa riƙewa ba.

Shekara ba ta ƙare ba soja suka karɓi mulki, huluna iri biyun nan duk suka shige ƙasan akwati. Abin mamaki, garin ya warke da sauri. Masu shayi suka koma aron sukari a wurin juna. Wanda ya fasa wa ƙanen Sammani kai ya dawo yana sayen ashana a kantin, har ana yi masa gyara. Duk wanda siyasa ta raba ya shirya, sai mutum biyu, su kuwa ba su ma yi rigimar da za a shiga a sasanta ba.

Jaji ya gama kwaleji aka tura shi koyarwa wata firamare, bai daɗe ba ya ajiye alli ya shiga fataucin shanu a Wudil. Rigar Nijeriya ko a mafarki. Ƙwallon Zariya ta fashe, aka ɗinke, ta sake fashewa, shugaban kwaleji ya ce ba a ware komai don wasanni ba bana. Sabbin ɗalibai suka fi son ƙwallon ƙafa. Da kaka ta yi, tumatir ya yi yawa har motocin Legas suka ƙi ɗauka, mata suka gano babu wurin shanya kauɗa kamar daɓen Malam. Da safe in ya fito sai ya ga filin ja wur daga wannan ƙarfe zuwa wancan, ƙudaje na bi. Bai hana su ba. Yakan tsaya a gefe hannuwa a baya, kamar mai jiran a busa usur.

Amma Alhamis ba ta wuce shi. La'asar na yi zai wanke fuska, ya sa tsohuwar hularsa ta kullum, ya taka zuwa kanti. Taron ya daɗe da watsewa, don yanzu akwai talabijin a gidaje biyu uku. Shi kaɗai yake zama a benci. Sammani zai fito da akwatin ya ɗora a kan tebur, ya maƙala wayoyi a batir, ya juya eriya, ya koma kan buhunsa. Su kalli abin da aka nuna, ɗaya a waje ɗaya a ciki, tsakaninsu bai fi a miƙa hannu ba. In an gama Malam ya ce, "To, sai wani makon." Sammani ya ce, "Allah ya kai mu." Sau da yawa Malam yakan shirya magana a hanya, mai daɗi, wadda za ta sa su yi dariya, amma da ya hango buhun sukarin nan sai ta maƙale. Ya koma gida ya kunna risho ya dafa abin da zai ci shi kaɗai. Kaɗaici ya dame shi ƙwarai, ba shi kuma da wanda zai gaya wa, don wanda zai gaya wa ɗin shi ne a cikin kanti.

Rani na uku bayan wasan, shugaban kwaleji ya kira shi ya ce za a mai da makarantar sakandare, an kuma yi masa canji zuwa can gefen Haɗeja. Ranar Asabar mota za ta bi ta Kura ta ɗauke shi. Malam ya fito daga ofis bai ji baƙin cikin barin filin ba, bai ji na barin sauro ba. Abu ɗaya ne ya dame shi, zai bar garin nan Sammani na ɗaukarsa maƙaryaci.

Ranar Laraba ya hau motar Kano. Ya sha zama a ƙofar gidan talabijin, mai gadi na aika shi daga wannan taga zuwa waccan, har Allah ya sa Musbahu ya fito sayen goro. Ya yi ƙiba, ya ajiye gemu. Ya ƙura wa Malam ido, sai ya tafa hannu.

"Mai hula! Na Kura! Malam, kana nan?"

"Ina nan. Shirin nan na zo tambaya."

Musbahu ya sosa ƙeya. "Kai, Malam, ai hular nan ce ta kashe shi. Kafin zaɓe aka ce a dakata a ga wanda zai ci. Bayan zaɓe aka ce hular waɗanda suka faɗi ce. Da soja suka zo aka ce kowace hula ba a so. Kaset kuwa ka san ƙarancinsa muke, ba ma ajiye abin da ba za a nuna ba. An ɗora wani abu a kai tuntuni."

 Wataƙila fuskar Malam ce ta ba Musbahu tausayi, don ya ce ya biyo shi, wani lokaci in sabon ɗauka bai kai tsohon tsawo ba akan sami ɗan saura a wutsiya. Suka shiga wani ɗaki mai sanyi da warin ƙura. Musbahu ya yi ta bincike a kan kanta har ya zaro kaset ɗin, ya sa a na'ura. Bikin rabon takin zamani ne. Wani mai kaki ya yi jawabi, aka tafa, aka miƙa wa wani tsoho buhu. Musbahu ya tura gaba. Hoton ya yi rawa, ya yi zane-zane, sai ga darbejiyar bayan kwaleji.

Ba ƙwallon Jaji, ba ihu, duk taki ya cinye. Abin da ya rage bai fi a sha ruwa a ajiye kofi ba. Ga Malam Dalhatu a tsakiya da sabuwar hula. Ya sa hannu biyu yana danna ta a ka, yana gyara mata zama, baki har kunne, haƙora duk a waje. Alhaji Isiyaku ya riga ya juya ya nufi motarsa, Malam kuwa yana nan yana shafa hular yana waige-waige a ga ta yi masa kyau.

A bayansa, can gindin darbejiya, akwai wani mutum a kan keke, ƙafa ɗaya a ƙasa. Ya naɗe wando har gwiwa, ƙafafunsa baƙi ƙirin da taɓo. Ya ɗaga hannu sama, bakinsa a buɗe zai kira wani. Sai hannun ya sauko a hankali. Ya tsaya yana kallo, sannan ya juya kan keken. Hoton ya yanke.

"A maimaita?" in ji Musbahu.

"A'a. Na gani."

Malam ya hau motar komawa. Kunya ta rufe shi tun daga ka har ƙafa. Shekara uku yana gaya wa mutum ba ka nan, mutumin kuwa yana tsaye a bayansa da taɓo a ƙafa. Shekara uku kuma mutumin nan yana kai batir caji Kura a kan keke, yana fito da akwati duk Alhamis, don a jira hoton da ya riga ya san abin da ke ciki.

Kashegari Alhamis ce. Malam ya zo a kan lokaci, ya zauna a benci. Sammani ya fito da akwati, ya maƙala wayoyi, ya juya zai koma ciki.

"Sammani."

Ya tsaya. Ya daɗe bai ji Malam ya kira sunansa haka ba.

"Na je birni jiya. An shafe shirin, an ɗora rabon taki a kai."

"Allah sarki."

"Amma akwai ɗan saura. Na gan ka. A kan keke, gindin darbejiya."

Sammani ya dubi eriya. Can ya ce, "Ruwan na bari yana zuba na taho. Kafin in koma ya cinye min gefen gona."

"Me ya hana ka gaya min?"

"Kai ka ce ba na nan. In ce maka maƙaryaci a ƙofar kantina? Na ce bari in jira, wata rana za ka tuna."

"Ban tuna ba sai da aka nuna min." Malam ya sunkuyar da kai. "Na ji daɗin hular nan, Sammani. Wallahi na ji daɗinta. Tun rasuwar Indo ba wanda ya sa min wani abu a jiki da hannunsa."

"Ni ƙarfe na ba ka, shi kuwa ba a sa shi a ka," in ji Sammani. Ya ja tsaki, amma ba na fushi ba. "Kai Malam, kai Malam. Da haka ka ce min ran nan, ai tsiya zan yi maka kwana biyu a wuce wurin. Hula ce fa. Ni ma tawa ɓera ya cinye ta a akwati."

Ya leƙa cikin kanti ya ɗebo ƙuli a takarda, ya zo ya zauna a benci, ya ture Malam da kafaɗa ya ce ya matsa, ya cika wuri kamar gwamna. Malam ya matsa. Ya ɗauki ƙuli ɗaya ya riƙe, ya kasa kai shi baki.

"An yi min canji," ya ce. "Gefen Haɗeja. Jibi Asabar zan tafi."

Sammani ya daina tauna.  A akwatin ana nuna wasu 'yan Legas suna buga ƙwallon tebur. Batirin ya yi sanyi, hoton ya riƙa tsukewa daga sama da ƙasa, 'yan wasan suna gajarta, har ya koma ɗan siririn haske a tsakiya. Suka ci gaba da kallonsa a haka har aka kira magariba.

Ranar Asabar Sammani ya zo da amalanke ya ɗauki akwati da risho zuwa bakin titi. Suka bi ta gefen filin, mata na ta baza kauɗa a ƙarƙashin zobban da suka yi tsatsa. Da mota ta tsaya Malam ya riƙe hannunsa ya ƙi saki.

"Duk hutu zan riƙa zuwa. Kafin ruwa ya sauka ma za ka gan ni."

Sammani ya yi dariya, idonsa ya cika da ƙwalla. "Wayyo, Malam. Da ba ka faɗa ba."

Sabuwar makarantar tana cikin rairayi, ba kanal, ba tumatir, ba daɓen siminti. Aka ba shi ɗaki a ƙarshen layi. Ranar Alhamis, la'asar na yi, ya wanke fuska, ya sa hularsa ta kullum, ya fito ya ja ƙofa ya kulle. Sai da ya sa makulli a aljihu ya tuna. Ya tsaya a bakin ƙofar yana duban hanya, dama da hagu, ba wanda ya sani a kowane ɓangare. Ya daɗe a tsaye, sannan ya zaro makullin ya buɗe ya koma ciki.